Jirgin Da Na Ce Za Mu Tayar Ranar Juma'a

Assalamu alaikum Edita, da duk wanda idonsa ya faɗa kan wannan shafi. A lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ni tela ne a unguwar Bulumkutu a Maiduguri, ina da shago ƙarami da keken ɗinki biyu, da mata da yara. Karatuna bai wuce firamare ba. Hausa ina karanta ta ba gargada, Turanci kuwa sai in tsinci kalma ɗaya in bar uku. Duk wanda ya san ni ya san ni da tsoro, ba tsoron mutum ko aljani ba, tsoron kada wani abu ya lalace ta hannuna. Nakan rufe shago in kai bakin titi in dawo in sake jan kwaɗo. Nakan auna mutum, ya juya zai tafi in kira shi in sake aunawa. Ƙanena, wanda yake tuƙin keke napep, ya sa mini suna Malam Kada, wai duk maganar da zan yi da kada take farawa. Shi mutum ne mai dariya, ni ban iya ba. Na faɗi wannan tun farko don mai karatu ya san ba sakaci ne ya jefa mu cikin abin da muka shiga ba. Taka-tsantsan ɗina ne ya jefa mu.

Mahaifinmu ma'aikacin jirgin ƙasa ne tun kafin a haife mu. Shi ne mai rufe ƙofa a inda layin dogo ya ratsa titi, ya tsayar da motoci da masu kekuna har jirgi ya wuce. Jirgi ya daɗe da daina zuwa garin nan, ciyawa ta rufe layin, wasu wuraren har an kasa kaya a kai. Bayan rasuwar mahaifiyarmu da shekarun tashin hankalin da muka gani, sai hankalin Baba ya fara gushewa. Yana zaune a gidan ƙanena a Ajilari. Kullum bayan la'asar sai ya ɗauki wani jan ƙyalle ya zauna a ƙofar gida, yana tambayar duk wanda ya gifta ko jirgi ya wuce. Mukan ce masa ya kusa. Hausar ma ta fara ɓace masa, sai Kanuri, kuma akwai ranakun da nakan gaishe shi ya amsa mini kamar baƙo. Ƙanena ne kaɗai bai taɓa mantawa da shi ba, don shi ke yi masa aski, shi ke ba shi kunu a baki.

Wata rana wani mai jiran ɗinki ya nuna mini bidiyo a wayarsa. Wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa ne, kansa bai fi tafin hannu ba, yana tafiya a kan layinsa a bisa tebur, yana busa, har da hayaƙi yana fita ta sama. Ba irin na roba da ake saya wa yara a kasuwa ba ne, an ƙera shi daidai da na gaske, da taragai da fitila. Na roƙi mutumin ya tura mini, na kai wa Baba da yamma. Wallahi abin da na gani ban taɓa zato ba. Tsohon nan ya miƙe zaune, ya riƙe wayar da hannu biyu, ya ce direban nan bai yi busa kafin kwana ba, a zamaninsu da an kai ƙararsa. Daga nan ya juyo ya kira ni da sunana ya ce in sake kunna masa. Rabon da in ji sunana a bakinsa har na manta. A hanyar komawa gida na ɗauki niyya cewa sai na sa Baba ya ga jirgi yana tafiya a gabansa kafin Allah ya karɓi abinsa.

A garin nan babu inda ake sayar da irinsa, sai ta intanet. Maƙwabciyarmu malamar makaranta ce, Kirista 'yar kudancin Borno, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ita ke karanta mini duk abin da ya zo da Turanci. Ita ta nemo mini wani shago a Legas da ke sayar da waɗannan jirage. Ta rubuta musu, suka amso da tambayoyi. Wane faɗin layi muke so, don jiragen nan girma-girma ne, na wannan layi ba ya hawa wancan. Da wutar lantarki za mu yi amfani ko da batir. Suka ce kayan za su ɗauki makonni, kuma ba za su yi alkawarin rana ba. Babu gaisuwa mai tsawo, babu lallashi. Malama ta karanta mini abin da masu saye suka rubuta a shafinsu. Da yawa sun yaba, amma akwai wanda ya ce an yi masa jinkiri, akwai wanda ya ce tarago ɗaya ya zo a karye, kuma a ƙarƙashin kowane ƙorafi shagon ya ba da amsa. Ni kuwa yabon duk bai shiga kunnena ba, ƙorafin nan ne ya zauna mini a ƙirji. Ga tsada, ga jira, ga shi Baba ba shi da lokacin jira.

Sai na shiga nema da kaina, na ci karo da shafin wani mutum da ya ce a Kano yake. Hotunan jirage sun cika shafin, kuma duk wanda ya yi rubutu a ƙasa godiya yake yi da addu'a, ko mutum ɗaya bai koka ba. Na kira lambar, ya ɗauka nan take, da Hausa mai daɗi. Alhaji ya riƙa ce mini. Na ce masa ban je Makka ba, kada ya ɗora mini abin da ban yi ba, ya yi dariya ya ce ai bakinsa ne zai kai ni. Da na ba shi labarin Baba sai muryarsa ta yi rauni, ya ce shi ma maraya ne, kuma wannan ba ciniki ba ne a wurinsa, neman lada ne. Na tambaye shi zancen faɗin layi da mutanen Legas suka yi, ya ce wannan duk surutun masu son tsawwala kuɗi ne, wanda duk nake so akwai.

Kada a ɗauka ban gwada shi ba. Na gwada shi iya gwadawa, sai dai duk gwajin banza na yi. Na sa ya rantse, ya rantse. Na riƙa kiransa a lokuta daban-daban in ga ko zai ɗauka, yana ɗauka. Na sa matata ta saurari muryarsa ta gaya mini ko ta yi kama da ta maƙaryaci. Amma ban tambayi inda shagonsa yake ba, ban ce ya ɗauki jirgin a hannunsa ya nuna mini fuskarsa tare da shi ba, ban nemi rasit ba. Na tura wa Malama hotunan kayan da ya ce zai aiko. Ta duba ta ce, Malam, ya aka yi hannun da ke cikin hoton nan na Bature ne? Ta kuma ce ita shagon da ba a taɓa kuka da shi ba ya fi ba ta tsoro, don ko dai bai taɓa sayar da komai ba, ko kuma yana goge kukan. Na ji maganarta, amma a raina na ce ita ba ta ji yadda mutumin ya yi maganar mahaifinsa ba.

Abu uku na roƙe shi, kuma duk ukun daga tsorona suka fito. Na gaya masa mu nan wuta sai ta ga dama, ya ce zai sa mai gyara ya haɗa mini batura a ɗaure wuri ɗaya da za su ja jirgin. Na ce ina tsoron kada a ga kwali mai hoto a tasha a sace, ya ce zai cire komai daga kwalin ya naɗe a baƙar leda yadda ba wanda zai san mene ne, har na yaba masa da dabara. Na uku, na ji tsoron ba da sunana da lambata a rubuta a jikin kaya, sai na ba da na ƙanena, da hujjar cewa kullum yana wajen tasha da kekensa. Na tura kuɗi. Daga ranar ban sake barci mai daɗi ba. Ina kiransa da safe, ina kiransa da azahar, ina kiransa bayan magariba. Yau ya ce mota ta lalace, gobe ya ce yaronsa ba shi da lafiya. Alhajin ma ya fara raguwa a bakinsa. Ranar da na ce masa in Baba ya rasu bai ga jirgin nan ba ba zan yafe ba, sai ya kira ni washegari ya ce kaya sun taso, ga lambar direba.

Abin da bai gaya mini ba shi ne babu jirgi a cikin ledar. Babu kan jirgin, babu taragai, babu layi. Abin da ya naɗo shi ne rimot, da baturan nan da aka ɗaure da baƙin salatif, da wayoyi ja da baƙi, da wata 'yar kwalba ta man da ke sa hayaƙi, da ƙullin ƙananan ƙarafa da ake haɗa layi da su. Ko yana da niyyar aiko da sauran daga baya, ko ya aiko da abin da ke hannunsa ne don in bar shi ya huta, Allah kaɗai ya sani, ba zan ɗora masa abin da ban tabbatar ba. Abin da na sani shi ne ni na matsa, shi kuma ya aiko da rabi ya yi shiru.

Ƙanena ba ya ɗaukar waya in yana tuƙi, don haka saƙon murya nake tura masa. Ban gaya masa ko mene ne a ledar ba. Na farko, bakinsa ba ya riƙe magana, kuma ina so Baba ya gani ba zato. Na biyu, kunya nake ji, mutum da furfura a gemu ya sayi abin wasa a lokacin da hatsi ke tsada, na san zai yi shekara yana yi mini dariya. Don haka kayan nan kawai nake cewa. Na tura masa saƙo na ce ya karɓi kayan nan wurin direba, kada ya bari kowa ya buɗe. Na sake turawa na ce kada ya ajiye a rana, kada ya jijjiga, kada ya bi hanya mai gargada. Na sake na ce in ya ga wayar wuta ta leƙo kada ya taɓa, kada ya jona komai da batir sai na zo. Na ce ya ɓoye a ƙarƙashin kujera, kada ya gaya wa kowa, ko matarsa. Ya amso yana dariya, ya ce Malam Kada, ƙwai ne ko jariri? A gidanmu al'ada ce kowace Juma'a in an sauko daga masallaci mu taru wurin Baba mu ci abinci, 'yan'uwa da surukai da jikoki. Wannan nake nufi da na tura saƙo na ƙarshe, na ce ya yi haƙuri zai gani da idonsa, ranar Juma'a in an sauko daga masallaci mutane sun taru za mu tayar da shi, daga nesa ake dannawa.

Duk wanda ya zauna a Maiduguri a shekarun nan ya riga ya gane abin da na yi. Ni ban gane ba. A kaina jirgi ne ke tashi, kamar yadda Baba yake cewa jirgi ya tashi daga tasha. Ban tuna cewa a garin nan akwai wani abu da shi ma tashi yake yi ba, wanda ya ɗauke mana maƙwabta da abokai a kasuwa da masallaci.

Ina cikin ɗinki wani abokin sana'ar ƙanena mai keke napep ya shigo shagon ba sallama. Ya ce an tsayar da ƙanena a wani shingen bincike bayan ya baro tasha. An ga leda a ƙarƙashin kujera, an tambaye shi mene ne, ya ce wallahi bai sani ba, aike ne. Da aka yaga aka ga wayoyi da batura, sai kowa ya watse, aka kwantar da shi a ƙasa, aka karɓi wayarsa. Mutumin ya ce in ina da inda zan gudu in gudu. Ba zan ɓoye ba, tunanin gudun ya zo mini. Amma na tashi na tafi gidan Bulama, mai unguwarmu, na faɗa masa komai, ya sa hularsa ya raka ni.

Da muka je, ashe ni ake nema. Aka shigar da ni wani ɗaki, wani babban jami'i mai furfura ya ajiye wayar ƙanena a kan tebur ya kunna. Na ji muryata tana fitowa, saƙo bayan saƙo, kada a buɗe, kada a jijjiga, kada a gaya wa kowa. Da aka zo na Juma'a sai na ji kamar wani mugun mutum ne ke magana da bakina. Wallahi ko ni ne a kujerar jami'in nan ba zan saki mai wannan murya ba. Ya tambaye ni mene ne za mu tayar. Na ce jirgi. Ya ce wane irin jirgi. Na ce na wasa, ɗan ƙarami, don mahaifina. Ya tura mini abin da ke cikin ledar gabana ya ce in nuna masa jirgin. A nan ne na fara ganin cewa babu shi. Na ce a duba wayata, sai na tuna na goge hotunan da duk hirarmu, don kada yarana su gani su kai wa Baba labari.

Saura abu ɗaya, a kira mai kayan. Aka buɗe murya kowa na ji. Ya ɗauka da fara'a, ya ce Alhaji kaya sun iso ko. Na ce masa don girman Allah ya saurare ni, an kama ƙanena, magana ɗaya kawai zai yi, ya faɗi abin da ya aiko da inda shagonsa yake. Jami'in ya karɓi wayar ya gabatar da kansa. Sai mutumin da ya yi kukan maraici tare da ni ya ce shi bai san wannan lamba ba, kuskure aka yi, ya kashe. Aka sake kira, a rufe. Kafin yamma shafinsa ya ɓace da hotunan da addu'o'in duka. Gaisuwar da ya yi mini da farko ma sai ta zama abin tuhuma, don ta nuna akwai wani na uku da ya san da kaya kuma ya gudu.

Na yi kwanaki a tsare. Bulama da dattawan unguwa da limaminmu suka yi ta zarya, suka tsaya mini, aka sake ni da sharaɗin kada in bar gari. Ƙanena kuwa aka ce a hannunsa aka sami kaya, an riga an wuce da shi wani wuri, maganarsa ta fi ƙarfin nan. Na durƙusa na ce a mayar da ni a sake shi, ni na aike shi, bai san komai ba. Jami'in nan ya dube ni ya ce shi bai ce ƙarya nake yi ba, amma ba zai rubuta wa na sama da shi cewa tela ya rantse ba. Ya ce in kawo masa jirgin da waɗannan tarkace suke tayarwa, ya gani da idonsa.

Malama ce ta cece mu, ita da ban ji maganarta ba. Hotunan da na tura mata suna nan a wayarta. Ba ta ce mini ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya. Ta rubuta wa shagon Legas ɗin nan duk abin da ya faru, ta tura musu hoton rimot ɗin. Suka amso a taƙaice kamar yadda suka saba, suka ce sun gane irinsa, suna da jirgin da yake ja, za su haɗo da rasit da takarda mai bayanin kowane abu, amma ba za su yi ƙaryar cewa zai iso gobe ba. Na sayar da keken ɗinki ɗaya na biya. Sai jira.

Jiran nan ne ban san yadda zan kwatanta shi ba. Baba ya daina tambayar jirgi. Ya ajiye jan ƙyallen, ya koma tambayar ƙanena. Muka ce ya yi tafiya. In na kai masa kunu sai ya kau da kai, ya ce ba wannan hannun ba. Matar ƙanena ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. In na shiga gidan takan durƙusa ta ce sannu da zuwa Yaya, ta kawo mini ruwa, ta koma ɗaki, in ji kukanta ta bayan labule. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Mutanen unguwa wasu suka daina kawo ɗinki, wasu in sun hango ni sai su sauya hanya, kuma ban ga laifinsu ba. Baba ya yi ta ramewa. Wata safiya ina zaune kusa da shi ya kama hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya ce da Kanuri a rufe ƙofa, akwai yaro a kan layi. Ya maimaita, ya sake maimaitawa. Kafin azahar ya cika. Muka kai shi makwancinsa babu ɗan da ya fi so a cikin masu ɗaukar makara.

Bayan an share makoki kayan suka iso, cikin kwalinsu, da hoton jirgin a jiki ƙato. Na rungume shi a keke hoton na kallon waje, duk shingen da muka zo tun kafin a tambaye ni nake cewa jirgin wasa ne, ga rasit. A harabar ofishin aka ce in haɗa a kan siminti. Na jera layin ya zagayo. Aka fito da ledar da aka kama, aka ce da waɗannan zan yi amfani, ba da sababbi ba. Na jona wayoyin da baturan, na ɗiga man a kan jirgin. Jami'in ya ce, to, tayar da shi. Na ga mutanensa suna ja da baya, wasu har bayan katanga. Na danna, babu abin da ya motsa. Na sake dannawa, shiru. Zufa ta rufe mini ido, na ce shi ke nan na kashe ƙanena. Sai na lura layin bai haɗu ba a wuri ɗaya. Na roƙi a ba ni ƙullin ƙananan ƙarafan nan, waɗanda aka rubuta a takardar tuhuma cewa don su huda jikin mutane aka tanade su. Na ɗauki ɗaya na haɗa layin, na danna.

Fitilarsa ta kama, ya yi busa, ya fara tafiya a hankali yana fitar da ɗan hayaƙi. Ya zagayo ya wuce ta gaban takalman jami'in, ya sake zagayowa. Wani daga cikinsu ya fashe da dariya, da ya ga fuskata sai ya daina. Jami'in ya ɗauki rasit ya kira lambar da ke jiki. Wata mata ta ɗauka, ta faɗi sunan shagon da titin da yake, ta tabbatar da komai, ta ce in ana son wata takarda za su aiko. Ina durƙushe jirgin na zagaya ni ina kuka kamar yaro, don abin da na so Baba ya gani ke nan, ga shi waɗanda ba su nema ba ne suke kallo.

Ko bayan haka sai da aka ɗauki lokaci kafin takardu su bi hanyarsu. Ranar da aka saki ƙanena na kusa wuce shi ban gane ba. Ya rame, yana tari, idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ina neman yadda zan fara gaya masa, sai ya dubi fuskata ya ce wa ya yi wa Baba wanka. Muka wuce maƙabarta kafin gida. Keken da yake tuƙawa mai shi ya ba wani, yanzu dako yake yi a kasuwa in jikinsa ya yarda. Na nemi gafararsa a gaban 'yan'uwa. Ya ce, “Yaya, ban riƙe ka ba. Amma daga yau in za ka aike ni, ka kira abu da sunansa.” Tun daga ranar bai sake ce mini Malam Kada ba. Yaya yake cewa, da ladabi, kuma ba abin da nake nema a duniya kamar in sake jin wancan sunan.

'Yan'uwa masu sayen kaya ta waya, ga abin da na koya da tsada. Na auna amanar mutum da zaƙin bakinsa da rantsuwarsa da saurin ɗaukar kira, alhali waɗannan ba sa cin kowa komai. Ku nemi wanda yake da wurin da za a same shi, wanda yake yi muku tambaya kafin ya karɓi kuɗinku, wanda yake barin ƙorafin mutane a shafinsa ya amsa, wanda zai iya ce muku babu ko ku jira. Ku tambayi kanku, ranar da abu ya ɓaci, wannan mutumin zai tsaya ya ce ni na aiko? Kada ku yarda a raba kaya da kwalinsa da takardarsa, musamman mai wayoyin wuta da batir, musamman a gari irin namu. Kada ku rubuta sunan wani a kan abin da ku kuka saya, kuma kada ku ɗora wa mutum kayan da bai san ko mene ne ba, ko da alheri kuke ɓoye masa. Masu hali irin nawa kuma, ku sani yawan tsoro ba shi ne hankali ba. Na toshe kowace ƙaramar kafa da na hango, kuma kowace toshewa ita ta zama shaida a kan ɗan'uwana.

Jirgin yana nan a kwalinsa a saman kabad, na kasa sayarwa, na kasa buɗewa. Har yanzu muna taruwa ranar Juma'a. Kwanan baya 'yar ƙanena ƙarama ta hango hoton, ta ja rigata ta ce, Baba babba, yaushe za a tayar da shi? Mahaifinta yana tsakiyar cin abinci. Ya cire hannunsa daga kwano, ya tashi ya fita, ya bar takalmansa a bakin ƙofa.